Jitar Lantarki a Ƙasar Goge

Ranar 6 ga Maris 1971, Gana na bikin cika shekara 14 da samun 'yancin kai, aka kafa wani ƙaton dandamali a filin Black Star da ke bakin teku a birnin Akara. Wilson Pickett ya hau, Ike da Tina Turner suka hau, ga Santana, ga Roberta Flack, ga Staple Singers. Tun da yamma aka soma, ba a watse ba sai da gari ya waye. An ɗauki wasan a fim mai suna Soul to Soul, kuma har gobe shi ake fara ambata in ana hirar zuwan mawaƙan baƙar fatar Amurka ƙasar kakanninsu. Wata uku kafin nan James Brown ya yi wasa a Legas, da dare kuwa makaɗansa, har da matashin mai jitar bas Bootsy Collins, suka lallaɓa kulob ɗin mawaƙi Fela don su jiye wa kunnensu abin da ake ta ba su labari. A 1974 aka sake haɗuwa a Kinshasa gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman, a 1977 kuma Stevie Wonder ya zo Legas bikin FESTAC.

Duk wannan shagali a kudu aka yi shi. Daga Legas zuwa Gazawa, a ƙasar Maraɗi ta Nijar, tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, kuma a shekarun nan manomin gyaɗa na Agye da mai kiwon jar akuya na Gidan Rumji suna can suna fama da fari. Duk da haka kiɗan ya iso. Ya shigo ta akwatin rediyo, ta jakar ɗan ci-rani, ta ɗakin mushen lakwal. Waƙoƙin Turancin sun yi zamaninsu sun wuce, amma jitar lantarki da gangunan Turawa sun zauna, sun koyi Hausa, har sun shiga kiɗan bori. Tarihi ne mai mutane da wurare, kuma yana gab da salwanta, domin an bar shi a kan tsofaffin kaset da kawunan dattawa.

Kiɗan sol a coci aka haife shi. A majami'un baƙar fata na kudancin Amurka mai wa'azi kan ɗaga murya jama'a su amsa, a yi ta tafi da rangaji har wani ya zube. A tsakiyar shekarun 1950 Ray Charles ya ɗauko wannan salo ya ɗora masa baitocin soyayya. Mutanen coci suka yi masa ca, matasa kuwa suka yi wawar faifan. Sam Cooke ya biyo sawu. Kamfanin Motown da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 ya yi wa kiɗan kwalliya har ya shiga gidajen fararen fata, kamfanin Stax na Memphis kuma ya bar shi da guminsa, da ƙahonin busa, da muryar Otis Redding, wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disamba 1967 yana da shekara 26. Rok ma daga tushen nan ya fito, wato kukan jitar baƙaƙen Mississippi da Chicago, sai dai ya zaga ta Ingila, inda su Rolling Stones suka ƙara masa amo suka mayar wa Amurka. Wanda ya kai shi maƙura Jimi Hendrix ne, bahago, da ya cinna wa jitarsa wuta a gaban jama'a a Monterey a 1967, ya rufe taron Woodstock a 1969, ya rasu a Landan a Satumba 1970 yana da shekara 27.

Mai son gane dalilin da kunnen Bahaushe bai yi baƙunta da wannan kiɗa ba, ya dubi yadda James Brown ke rufe wasansa. Ganga da bas suna nanata zubi ɗaya ba sauyi. Shi kuma yana jefa 'yar kalma, 'yan amshi na cafewa. Can sai ya zube bisa gwiwoyinsa kamar numfashi ya ƙare. Wani daga cikin mutanensa ya fito da alkyabba ya lulluɓe shi, ya tallafe shi za su fita, sai ya yi wurgi da ita ya ruga ya damƙi makirfo. A sake lulluɓe shi, ya sake zabura. Mutumin Tsibiri, inda Inna ke shugabantar 'yan bori a fadar Gobir, ko na Maraɗi, inda Iya ke riƙe da wannan matsayi, ya san irin wannan tsari tun yana goye: mai goge ya nace wa taken iska ɗaya, masu ƙwarya su riƙe zubi, jiki ya yi ta ɗumama har wanda za a hau ya faɗi, a rufe shi da zane, ya miƙe da wata murya. Aƙida daban ce, manufa ma daban, amma dabarar makaɗan guda ce, wato nanatawa da bayarwa da amshi. Ko Mamman Shata da kalangansa a kan wannan ginshiƙi yake tsaye.

Hanyar farko da kiɗan ya biyo ita ce rediyo. Gidan rediyon ƙasa na Yamai, wanda aka san shi da Muryar Sahel, yana sa kiɗan waje, amma a ƙasar Maraɗi Rediyon Kaduna ma ɗan gida ne. Da dare gajeren zango kan kawo Muryar Amurka da BBC, daga 1981 kuma tashar Africa N°1 ta Gabon ta shigo da kiɗa ba ƙaƙƙautawa. Hanya ta biyu kwalta ce. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji, ta wuce Maraɗi, ta bi ta Agye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram, daga Maraɗi kuma reshe ya gangara Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. A kan waɗannan hanyoyi Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan kasuwancinsu a 1986, suka tara dukiya, kuma direbobinsu da yaran mota ba kayan kanti kaɗai suke ɗaukowa ba. Da an gama girbi samarin ƙauye kan nausa kudu. A shekarun da man fetur ya cika Najeriya da kuɗi, bayan 1973, ɗan ci-rani kan dawo kafin saukar damina da keke, da agogo, da rediyo mai cin kaset.

Abin da ya tarar a can kuwa ba kaɗan ba ne. Tun kafin zuwan James Brown, Geraldo Pino ɗan Saliyo ya girgiza Legas da salonsa da manyan lasifikoki, har Fela da kansa ya faɗi yadda abin ya razana shi. Bayan yaƙin basasa ƙungiyoyin rok irin su BLO da Ofege da Funkees suka ɓarke. Arewa ma ba a bar ta a baya ba. Unguwar Sabon Gari ta Kano tana da kulob-kulob masu makaɗa, daga Kano ɗin ne ƙungiyar Elcados ta taso ta yi faifan rok a farkon shekarun 1970, Bongos Ikwue ya haɗa ƙungiya tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Bala Miller kuma yana Kaduna yana rera Hausa tsantsa a kan jita da ƙaho. Har mai gangar ƙungiyar Cream, Ginger Baker, ya keto Sahara da mota a 1971 ya sauka Legas, ya yi faifai da Fela, ya kafa ɗakin ɗaukar sauti.

Kaset ne ya yi aikin da faifan garmaho ya kasa. Faifai yana son allura da wuri a daidaice, zafin bazara kuma lanƙwasa shi yake yi. Kaset kuwa yana shiga aljihu, yana jure ƙura, kuma ana kwafarsa. A dandali ko gindin mai shayi, mai rikoda kan ajiye ta bisa tabarma cikin rigarta ta yadi. Batir tsada gare shi, don haka ba a ɓata shi wajen mayar da zare baya: biro ake zurawa a ramin kaset a yi ta wulwulawa. In batir ya raunana muryar mawaƙi ta soma jan jiki, sai a fitar a shanya a rana ko a ɗan daddoke shi. In zare ya tsinke a liƙe da jan farce. Kwafi bisa kwafi, suna ya goge, hoto babu, har ya zama mutane na iya haddace kiɗa tun daga farkonsa zuwa ƙarshe ba tare da sunan mai shi ya iso garin ba.

Kada a zuzuta abin fiye da kima. Rok da sol ba su taɓa zama abincin gama-gari a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba. Shata, da Ɗan Ƙwairo, da Ɗan Anace, da Ɗan Maraya, da Haruna Uje su ne sarakunan kaset, waƙoƙin fina-finan Indiya na biye. Ko a cikin kiɗan zamani, rumbar Kwango da kiɗan Kuba sun fi yawan masoya. Masu James Brown da Hendrix 'yan tsiraru ne: 'yan kwaleji da lise da ke dawowa hutu daga Maraɗi, Damagaram ko Yamai, da mushe-mushe matasa, da ma'aikatan asibiti da na gidan gona da aka turo daga wani gari. Ana gane su daga nesa, da tulin suma, da wando mai faɗin ƙafa, da takalmi mai tudu. Kuma akwai katangar da ta fi ta harshe tsawo. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, sana'ar makaɗa da maroƙa, don haka ɗan malam ko ɗan sarauta da ya rungumi jita ya jawo wa gidansu magana. Yaro da yawa ya koyi kiɗa a ɓoye da jitar gwangwani da wayar burkin keke, ya ajiye ta ranar da aka yi masa aure.

Abin mamaki, soja ne ya buɗe ƙofar. Seyni Kunce ya karɓi mulkin Nijar ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da samariya ya mayar da ita hannun hukuma a kowane gari da unguwa. Gidajen matasa da al'adu, waɗanda kowa ke kira MJC, suka zama wurin haɗuwa. Bikin matasa na ƙasa yana zagaya manyan biranen jihohi, ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, a fannin rawa, da wasan kwaikwayo, da waƙa, da orkes. Kuɗin yuraniyom na Arlit suna shigowa a lokacin, aka sami abin sayen kayan kiɗa. Riƙe jita ya zama yi wa jiha hidima, uba kuma ba ya iya hana abin da kumandan ya nema.

Wannan tallafi da sharaɗinsa ya zo. Ana so a yi waƙa da harsunan ƙasa, a kan haɗin kai, da noma, da dashen itace, da yabon masu mulki. Tawayen da ke cikin rok, da kukan neman 'yanci da ke cikin sol, a bakin ƙofa aka tsayar da su. Asara ce, kuma ta bar tabo a waƙoƙin zamanin, da yawansu in aka cire kiɗan sai a ga taken taro ne kawai. Sai dai tilascin komawa ga harshen gida da zubin gida ya yi wani amfani da masu dokar ba su hango ba: ya hana makaɗan zama 'yan kwaikwayo.

Daren orkes a irin waɗannan garuruwa abu ne na ranakun salla da bukukuwan ƙasa, kamar 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Sauran lokuta rikoda ce ke raya bal ɗin 'yan makaranta. In makaɗa za su zo, tun la'asar yara ke kewaye motar suna kallon yadda ake sauke akwatunan lasifika da kuge. A ja waya daga injin wuta da aka kai bayan katanga don kada ƙararsa ta danne kiɗa. A jera kujeru a gaba domin manyan gari da matansu, benci a baya, waɗanda ba su da kuɗin ƙofa kuma su ɗare katanga da rassan dogon yaro. Da rumba mai sanyi ake farawa, manya su taka a natse. Sai dare ya raba, manya sun tafi, sannan mai jita ya murɗa sauti, mai ganga ya sauya zubi, ƙura ta tashi. Wanda kiɗa ya ratsa ya keto fili ya manna wa mai jita kuɗi a goshi, daidai yadda ake yi wa mai kalangu. In igiyar jita ta tsinke a ƙulla ta a ci gaba, domin sabuwa sai Kano.

Wanda ya fi kowa nuna inda wannan hanya za ta iya kaiwa shi ne Mona na Tawa, jagoran ƙungiyar Azna de l'Ader, da ake kwatanta shi da Hendrix. Ƙungiyar ta taso a shekarun 1970, kuma duk wanda ya saurari abin da ta bari zai ji rok ne ba gauraye, da kururuwar jita da ganga mai nauyi, amma zubin na Adar ne. Akwai dalilin da ya sa haɗin ya zauna daram. Jitar katako in an taɓa ta, sautin nan da nan yake mutuwa. In an cika wa ta lantarki wuta fiye da ƙima, sautin yakan ja tsawo, ya yi kaushi, ya yi ta kuka. Goge ma da izgar doki da ƙaro haka yake, muryarsa a shaƙe, kukansa ba ya yankewa har sai mai shi ya ɗaga hannu. Ga shi kuma kiɗan baƙaƙen Amurka da yawancin kiɗan Sahel duk a kan matakan sauti biyar suke tafiya. Mona bai sha wahalar sulhunta su ba. Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, shi ya fitar da kiɗan nasa a faifai mai suna Zabaya. Kamfanin nan ne kuma ya sake fitar da aikin Mamman Sani a 2013, mutumin da ya ɗauki kiɗan molon lantarki mai madannai a 1978, wanda 'yan Nijar suka shekara suna ji tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin.

Ƙasar Maraɗi nata gwarzon Sa'adu Bori ne. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, aka kuma buɗe cibiyar horar da makaɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Daga wannan yunƙuri ne su Musa Pusi, da Fati Mariko, da Yakuba Mumuni, da Adams Junior suka fito, Sa'adu na cikinsu. Abin da ya yi ya bambanta da na Mona. Bai bi kururuwar Hendrix ba, gefen James Brown ya fi karkata: bas mai nanatawa, ganga mai tsalle, amshi gajere, murya mai umarni. A kan wannan ya ɗora zubin bori da kirarinsa, abin da a da sai a gidan Iya ko a fagen girka ake jin sa. Wasu sun ga ya tozarta abin tsoro, wasu sun ga ya tallata abin da ya kamata a binne, matasa dai rawa suka yi ta yi. A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da faifan Niamey Twice, rabi nasa rabi na Musa Pusi. Muhimmin abu ga mutanen yankin shi ne akalar kaset ta juya. Shekara 20 ana hauro da shi daga Kano da Katsina, yanzu na ɗan Maraɗi ne ke gangarawa, ana jin sa a tashoshin mota da gidajen biki na arewacin Najeriya. Ya rasu a hatsarin mota a 2008, kuma har yau ba a ba aikinsa nazarin da ya cancanta ba.

Lokacin da tauraronsa ke haskawa, ƙasan dandamalin ta riga ta soma zaizayewa. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980. Yunwar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, ta karya ƙauyuka. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, samariya ta bi shi a hankali. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, har igiyar jita, ya ninka. Wa'azin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, ya sami karɓuwa ƙwarai a Maraɗi da kewayenta, ra'ayin jama'a game da kiɗa da rawar maza da mata ya sauya. A Nuwamba 2000 zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashaya da coci-coci. Sannan ga fiyano: a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano mutum ɗaya da madannai yana fitar da abin da a da sai mutum takwas, kuma waƙoƙin fina-finan Hausa suka mamaye biki da rediyo. Mai aurar da 'ya a Gangara ko Cadakwari ya fi samun sauƙin ɗauko mai lasifika da katin waya a kan ya ciyar da orkes.

Jitar dai ba ta mutu a Nijar ba, arewa ta ƙaura. Bombino na Agadas ya koyi hannunsa yana gudun hijira a Aljeriya da Libiya, yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler. A Janairu 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas don murnar dawowar zaman lafiya, daga baya faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, bahago shi ma, da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008 da salon sarrafa murya na waƙoƙin fim ɗin Hausa, ya bazu daga waya zuwa waya, yau kuma yana cika zaurukan rok a Amurka da Turai. A Yamai ƙungiyar Tal National, wadda Almeida ya jagoranta yana kuma aikin shari'a, ta shahara da wasan awa biyar a dare guda, da kalangu a tsakiyar jitoci, da waƙa cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci.

Abin da ke ci wa mai kishin wannan tarihi rai shi ne yawancin abin da aka ceto, baƙo ne ya zo daga wata nahiya ya tono shi, kuma abin da ke Yamai da Agadas ya fi kaiwa gare shi. Na Agye da Gazawa da Gidan Rumji yana hannun mutanen da ba a saba ɗauka masana ba: tsohon mushe mai akwatin faifai a ƙarƙashin gado, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, direban da ya shekara yana zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano, da matan da suka yi rawa da amshi a ƙungiyoyin samariya suka wakilci gundumarsu a gasa. Wanda yake da shekara 20 a 1975 yau ya kai 70. Zaren kaset kuma yana manne wa juna in ya daɗe a zafi. Gidajen rediyon al'umma na yankin suna da makirfo da kwamfuta, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da ɗalibai 'yan waɗannan garuruwa da ke komawa gida kowane hutu, kuma kwafe kaset ɗaya zuwa kwamfuta bai wuce aikin awa guda da 'yar igiyar sauti ba.